Tauri ba shi ne magani ba: katifar mai ciwon baya da ke kwana ta gefe

Duk wanda ya taɓa kai kukan ciwon baya gaban jama'a ya san shawarar da ke fara fitowa: nemi katifa mai tauri, in ma za ka iya, sauka ƙasa ka kwana. Shawarar ta daɗe tana yawo, likitoci ma sun yi shekaru suna bayar da ita, kuma masu bayarwar da zuciya ɗaya suke yi. Aibinta ɗaya ne, ba ta tambayar yadda mutum yake kwanciya. Mai kwana rigingine da mai kwana ta gefe ba wuri ɗaya jikinsu yake taɓa shimfiɗa ba, saboda haka abin da ya karɓi wancan yana iya zama shi ne yake tayar da wannan da sassafe yana dafe da kwankwaso.

Masu kwana ta gefe kuwa su ne suka fi yawa. A wani bincike da aka wallafa a 2017, an ɗaura wa ma'aikata 664 a ƙasar Denmak ƙananan na'urori masu lura da motsin jiki, suka kwana a gidajensu yadda suka saba. Aka tarar kusan kashi 54 cikin ɗari na lokacin barcinsu a gefe suke yin sa, kusan kashi 38 a rigingine, kashi 7 kacal rubda ciki. Ciwon bayan shi ma ba na 'yan tsiraru ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma shi ne kan gaba a duniya wajen hana mutane ayyukansu na yau da kullum. In aka haɗa waɗannan biyu, za a ga cewa shawarar tauri tana sauka a kan miliyoyin mutanen da ba don su aka yi ta ba.

Sai an dubi ƙirar jiki kafin a gane dalili. Ƙashin baya jerin ƙasusuwa ne: 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari suke maƙale, 5 a ƙugu, sannan waɗanda suka haɗe a ƙasa zuwa ƙashin wutsiya. In ka kalle shi ta gefe, yana da lanƙwasa irin tasa, ya shiga ciki a wuya, ya fito a gadon baya, ya sake shiga a ƙugu. In ka kalle shi ta baya kuwa, miƙe yake sambal. Wannan miƙewar ita ce mai kwana ta gefe yake buƙatar ta tsaya yadda take duk dare.

To amma gefen jiki ba shafaffe ba ne. Kafaɗa ta fito, katara ta fito, tsakaninsu kuma kwiɓi ya shige. Ka shimfiɗa wannan siffa a kan abu mai tauri kamar katako, me zai faru? Nauyin jiki gaba ɗaya zai tattaru a wurare biyu, kan kafaɗa da ƙashin katara, kwiɓi ya rage a sama ba abin da ya tokare shi. Muddin mutum yana farke, tsoka tana riƙe da wurin. Da barci ya yi nauyi tsoka ta saki, sai ƙugu ya lotsa ƙasa yana neman shimfiɗa, ƙasusuwan nan biyar su karkace gefe guda, su wuni, ko in ce su kwana, a haka. Kafaɗar da ta rasa inda za ta nutse kuma sai ta zame gaba, ta murɗa gadon baya, ko ta tura sama zuwa kunne ta matse wuya. Hannun da aka danne ya sage. Mutum ya yi ta juyi cikin dare ba tare da ya san dalili ba, domin jiki yana gudun matsin da ke tsuke ƙananan hanyoyin jini a fata.

Katifa mai laushi fiye da kima tana kai mutum wuri ɗaya ta wata hanyar. Ƙugu da katara su ne ɓangaren da ya fi nauyi, sai su nutse can ƙasa, kai da ƙafafu su rage a sama, mutum ya zama kamar wanda aka kwantar a cikin raga. Baya ya lanƙwashe, juyi ya yi wuya, tashi da safe sai da dafa gefen gado.

A nan ne nake ganin yawancin masu sayen katifa suke ɓata hanya, domin suna ɗauka abu ɗaya ake nema, alhali aiki biyu ne daban katifa take yi. Na farko shi ne ta karɓi wuraren da suka fito, ta bar kafaɗa da katara su nutse gwargwadon fitowarsu. Wannan aikin saman katifa ne. Na biyu shi ne ta tsayar da nutsewar a inda ya dace, ta tokare kwiɓi, ta hana ƙugu zarcewa. Wannan aikin cikinta ne. Katifa tana iya yin laushi a sama kuma ta riƙe jiki da kyau, haka nan tana iya yin tauri kamar dutse ba ta riƙe komai ba, tun da tsakiyar jikin ko taɓa ta bai yi ba. Idan mai sayarwa ya buga tafin hannu a kan katifa ya ce maka ka ji ƙarfinta, taurin samanta kawai ya nuna maka. Tambayar da ta dame ka ba a amsa ta ba tukuna.

Akwai wani abu da ke faruwa a cikin baya da dare wanda ya kamata a sani. Tsakanin kowane ƙashi da ɗan'uwansa akwai wani faifan guringuntsi mai ɗauke da ruwa, shi ne yake shanye girgiza. Da rana nauyin jiki yana matse ruwan, da dare faifan ya sake tsotsa ya kumbura, shi ya sa mutum ya fi tsawo da safe da kamar santimita 1 zuwa 2. Likitan ƙashi ɗan ƙasar Siwidin, Alf Nachemson, ya auna matsin da ke cikin waɗannan faya-fayen tun a shekarun 1960. A 1999 kuma Hans-Joachim Wilke da abokan aikinsa a Jamus suka maimaita awon a jikin mutum ɗaya da ya ba da kansa, suka tarar matsin lokacin kwanciya kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na lokacin tsayuwa, kuma tsakanin rigingine da gefe bambancin kaɗan ne. Sun kuma ga matsin ya haura ninki biyu kafin gari ya waye, saboda ruwan da faifan ya sha. Abu biyu za a ɗauka daga nan. Kwanciya ta gefe ita kanta ba laifi ba ce, ba sai mutum ya tilasta wa kansa sauya yadda ya saba ba. Sannan ɗan riƙewar baya na 'yan mintoci da safe abu ne da jiki yake yi, ba kullum ne laifin katifa ba.

Binciken da ya fi girgiza tsohuwar shawarar an yi shi ne a ƙasar Sifen, mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa shi a 2003. Francisco Kovacs da tawagarsa sun ɗauki manya 313 masu daɗaɗɗen ciwon ƙasan baya, irin wanda ba a gano takamaiman musabbabinsa ba, waɗanda ke jin ciwon a kwance ko lokacin tashi. Aka raba musu sababbin katifu ta hanyar ƙuri'a, wasu mai tauri, wasu mai matsakaicin tauri, ba tare da an gaya musu wadda suka samu ba. Bayan kwana 90, waɗanda suka kwana a kan matsakaiciyar sun fi samun sauƙi a kwance, sun fi samun sauƙi wajen tashi, ciwon kuma ya rage hana su harkokinsu. A 2008 wani binciken a Denmak ya gwada mutum 160 a kan gadon ruwa, da katifar soso mai bin siffar jiki, da katifa mai tauri, na tsawon wata guda. Mai taurin ce ta zo ƙarshe, ko da yake tazarar ba ta da yawa.

Ba na son a ɗora wa waɗannan bincike nauyin da ya fi ƙarfinsu. Ba a keɓe su ga masu kwana ta gefe ba, na Sifen ɗin bai haɗa da masu ciwon da ke sauka ƙafa ba, kuma sauƙin da aka samu ba warkewa ba ce. Abin da suka tabbatar shi ne tauri tsagwaronsa ba shi da wata falala. In haka ne ga kowa da kowa, to ga mai kafaɗa da katara a ƙasa lamarin ya fi ƙarfi.

Kalmar matsakaici ita ma tana da tarko. Babu wani ma'auni guda da dole kowane kamfani ya bi, matsakaiciyar wannan tana iya zama mai taurin wancan. Lambobin da ake rubutawa ma suna ruɗarwa. A ma'aunin Turai da binciken Sifen ya yi aiki da shi, 1 ita ce mafi tauri, 10 mafi laushi, katifar da ta yi nasara tana kan 5.6, mai taurin tana kan 2.3. A ma'aunin da 'yan kasuwa da yawa suke amfani da shi, musamman a Amurka, abin a juye yake, 10 ce mafi tauri. Haka kalmar otofedik da ake liƙawa a jikin katifa. Suna ne na talla, ba shaidar likita ba, kuma sau da yawa abin da ke ciki guntattakin soso ne da aka haɗa da gam aka danne har ya yi tauri. Irin wannan yana da ƙarko, yana iya zama tushe mai kyau a ƙasa, amma mai kwana ta gefe da ya ɗora kafaɗarsa kai tsaye a kansa zai ji a jikinsa.

Jikin mai kwanciyar shi ne rabin lissafin. Katifa ɗaya, mutum mai kilo 55 zai ji ta da tauri domin nauyinsa bai isa ya nutsar da kafaɗarsa ba, mai kilo 110 kuma ya ji ta da laushi har ya taɓo ƙasanta. Masu sana'ar sukan ce wanda bai kai kilo 60 ba ya karkata wajen laushi, wanda ya haura kilo 100 ya nemi ciki mai ƙarfi da kauri sosai. Siffa ma tana da tasiri kamar nauyi, wataƙila ma fiye. Mai faɗin kafaɗa da siririn ƙugu yana buƙatar zurfi a sama. Mai faɗin katara da shigaggen kwiɓi, kamar mata da yawa, tana buƙatar wurin da katara za ta nutse da kuma abin da zai cika ramin kwiɓi. Wanda jikinsa ya tafi bai ɗaya daga sama har ƙasa shi ne ya fi jure tauri. Wannan ne ya sa yabon da aboki ya yi wa katifarsa ba hujja ba ce a wurinka, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Yanzu ga abin da ake cusawa a ciki. Soso na gama-gari, wanda asalin sinadarinsa Otto Bayer ya samar a Jamus a 1937, shi ne ya fi yawa a duniya, kuma a kansa nake son in daɗe, domin a nan ake yawan cutar mai saye. Soso yana da siffa biyu da ake rikitawa: taurinsa da cikarsa. Tauri shi ne yawan ƙarfin da ake buƙata a danne shi. Cika kuwa ita ce yawan kayan da ke cikinsa, ana auna ta da kilo nawa ne a mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya tsayi. Ana iya yin soso mai tauri amma fanko, iska ce ta fi yawa a ciki. Ranar da aka saye shi zai yi kamar ba zai taɓa lotsawa ba, kafin shekara ta zagayo ya yi rami daidai inda katara take sauka. Ana kuma iya yin soso mai laushi amma cikakke, ya shekara da shekaru yana komawa yadda yake. Ƙarko yana bin cika, ba ya bin tauri. Ga katifar da za a kwana a kai kullum, abin nema shi ne cikar da ta kai 30 ko ta wuce.

Wannan abu ne da mutum zai iya lissafawa da kansa. Katifar soso zalla mai tsawon santimita 190, faɗi 140, kauri 20, in cikarta 30 ce, nauyinta zai kai kusan kilo 16. In ta tsaya a kilo 9 ko 10, cikarta ba ta kai 19 ba, ko me aka rubuta a jikinta. Sai dai a sani, akwai masu zuba garin alli a cikin haɗin don ya yi nauyi, saboda haka rashin nauyi hujja ce a kan katifa, amma nauyi shi kaɗai bai wanke ta ba.

Soso mai bin siffar jiki, wanda in ka danna hannu sawun yake daɗewa kafin ya goge, an ƙirƙiro shi ne a 1966 a wani aiki na hukumar NASA ta Amurka, don kujerun jirgin sama. Ɗumin jiki yana sa shi ya yi laushi, sai ya zagaye kafaɗa da katara ya baza nauyin. Wajen rage matsi da wuya a samu kamarsa, shi ya sa masu kwana ta gefe suke son sa. Amma yana riƙe zafi, yana taurara in ɗaki ya yi sanyi, ya saki in ɗaki ya yi zafi, kuma yana jinkirin komawa. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga mai ciwon baya. Wanda juyi ɗaya yake sa shi cije leɓe ba ya buƙatar ramin da sai ya yi yunƙuri kafin ya fita. A ganina irin wannan soso ya fi kyau a matsayin shimfiɗar sama ta santimita 5 zuwa 8, cikarsa ta kai 50, a kan wani abu mai ƙarfi.

Katifar roba, wadda ake yi da ruwan itacen roba, kamfanin Dunlop ne ya fara kumfanta ta a Ingila a 1929. Tana nutsewa ta dawo nan take, iska tana ratsa ramukanta, tana kuma cikin mafi ƙarko. Tana da nauyi da tsada, kuma wanda jikinsa ba ya shiri da roba sai ya yi hattara. Ga mai ciwon baya da ke yawan juyi, ita ce zan fara dubawa.

Sai katifar sifirin, wato mai naɗaɗɗun ƙarafa a ciki, wadda iri biyu ce, kuma bambancinsu ya shafi mai kwana ta gefe kai tsaye. A tsohon samfuri duk ƙarafan a ɗaure suke da juna da waya, in katara ta danna ɗaya sai ta ja maƙwabtansa, wurin ya lotsa gaba ɗaya har da ƙarƙashin kwiɓi. A ɗaya samfurin, wanda James Marshall ya ƙirƙiro a Kanada wajen 1900, kowane sifirin yana cikin aljihunsa na yadi, yana motsi shi kaɗai. Na ƙarƙashin kafaɗa su yi ƙasa, na ƙarƙashin kwiɓi su tsaya a sama su tokare shi. In aka ɗora soso ko roba mai kauri a kai, an haɗa ayyukan nan biyu a katifa ɗaya. Wasu kamfanoni suna raba katifar shiyya-shiyya, laushi a kafaɗa, ƙarfi a ƙugu. Dabara ce mai kyau in tsawonka ya dace da rabon. Gajere ko dogo ƙwarai yana iya tarar kafaɗarsa ta sauka a shiyyar da aka yi don ƙugu.

Duk wannan bayani share fage ne, hukunci na jiki ne, jiki kuwa magayi. Danna katifa da hannu ko zama a bakinta ba gwaji ba ne. Kwanta a kanta ta gefen da ka saba, da matashi mai tsayin naka na gida, ka yi minti 10 zuwa 15, domin tsoka ba ta saki a minti ɗaya, soso ma ba ya gama nutsewa. Ka sa wani ya tsaya a bayanka ya duba, ko ya ɗauki hoto da waya daidai tsayin katifar. Layin da ya taso daga ƙeya zuwa ƙashin wutsiya ya kamata ya miƙe kamar an ja zare. In ƙugu ya yi ƙasa da layin, katifar ta yi laushi. In kafaɗa da katara sun tsaya a sama tsakiya ta lotsa, ta yi tauri. Sannan ka tura tafin hannu ƙarƙashin kwiɓinka. In ya wuce salin-alin akwai rami, ba abin da ya riƙe ka a wurin. In ya shiga da ɗan ƙoƙari, an dace. Daga nan ka juya ɗaya gefen ka lura ko juyin ya zo da sauƙi. Kunyar kwanciya a gaban mutane tana hana da yawa yin wannan, su ɗauki katifar da za su shekara takwas a kai bayan gwajin daƙiƙa biyar. Ni dai ina ganin minti goma na kunya ya fi sauƙi.

Ko gwajin ya yi kyau, jiki yana ɗaukar makonni kafin ya saba da sabuwar shimfiɗa, kuma kwanakin farko suna iya zuwa da 'yar tsami. Shi ya sa damar gwaji a gida take da daraja. Kamfanoni da dama, musamman masu sayarwa ta intanet, suna ba da dare 100 ko kusa da haka. A karanta sharaɗin mayarwa kafin a biya, in ba haka ba an yi cinikin biri a sama. In an rasa tabbas tsakanin katifu biyu, gara a ɗauki wadda ta ɗan fi tauri, domin mai tauri ana tausasa ta da shimfiɗar soso ko ta roba a sama, mai laushin ciki kuwa ba abin da za a ɗora mata ta yi ƙarfi.

Katifa ba ita kaɗai take aikin ba. Matashin kai shi ne yake cike gurbin da ke tsakanin kunne da katifa, kuma tsayin da ake buƙata yana sauyawa da katifar: in kafaɗa ta nutse sosai gurbin ya ragu, sai matashi ya rage tsayi, in ba ta nutse ba sai ya ƙaru. Mutane da yawa sun sauya katifa sun bar tsohon matashi, wuya ya sanƙare, suka ɗora laifin a kan katifar. Akwai kuma matashi na biyu wanda nake ganin ya fi kowane abu a wannan bayani arha da saurin amfani, wato wanda ake sawa tsakanin gwiwoyi. Ba tare da shi ba, ƙafar sama tana zamewa gaba ta faɗi kan katifa, ta jawo ƙugu ya murɗe, kafaɗu suna kallon gefe ƙugu yana kallon ƙasa. Matashi mai ɗan tauri daga gwiwa zuwa idon sawu yana hana wannan, yana kuma sassauta jijiyoyin gefen katara ga masu jin ciwo a wurin. A ɗan lanƙwasa gwiwoyi, ba a dunƙule har su taɓa ƙirji ba. Mai zurfin kwiɓi yana iya naɗe ƙaramin tawul ya sa a ramin. Mai juna biyu, wadda likitoci suke ba shawarar kwanciya ta gefe tun daga mako na 28, ita ma wannan tsarin ne ya fi yi mata, da ƙarin matashi a ƙarƙashin ciki.

A leƙa ƙarƙashin gadon ma. Katifa mai kyau a kan katakan da suka lanƙwashe za ta bi lanƙwasar. Tazarar da ke tsakanin katako da katako kada ta wuce santimita 7, gado mai faɗi kuma ya kasance da ƙafa a tsakiya.

Wanda yake tunanin ko katifarsa ta ƙare, ga hanya mai sauƙi. Ya yaye zanin gado, ya gitta sanda miƙaƙƙiya ko ya ja zare daga gefe zuwa gefe, ya auna zurfin ramin da ke ƙasa. Takardun garanti sukan amince da lotsawa ne in ta kai santimita 2 zuwa 4, gwargwadon kamfani da irin katifar, amma baya yana ji tun kafin a kai nan, domin soso yana rasa ƙarfinsa kafin ido ya ga rami. Alamar da na fi yarda da ita ita ce wannan: ciwon ya fi tsanani da farkawa, ya lafa cikin rabin sa'a da fara motsi, kuma in an kwana a wani gadon sai a tashi garau. Ana yawan cewa katifa tana yin shekara 7 zuwa 10, sai dai soso fanko ba ya kaiwa ko kusa. Juya katifar, wajen kai ya koma wajen ƙafa, duk bayan wata uku zuwa shida yana ƙara mata kwana. Ɗora sabuwar shimfiɗa a kan katifar da ta riga ta yi rami kuwa asarar kuɗi ce, shimfiɗar za ta bi ramin.

Ma'auratan da nauyinsu ya yi nisa da juna suna da tasu matsalar, mai nauyin yana yin kwari, ɗayan ya yi ta gangarowa yana kwana a karkace. Sifirin mai aljihu yana rage wannan. Akwai kuma katifu masu tauri daban a kowane ɓari, ko a jera ƙanana biyu a kan gado ɗaya a rufe su da shimfiɗa guda.

Abin da ya fi damuna a harkar nan shi ne yadda talla take sa mai ciwo ya ɗora duk fatansa a kan katifa. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ciwon ƙasan baya ba a iya nuna masa musabbabi guda, kuma jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disamban 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya ta fi ba da ƙarfi ga motsa jiki da ilimantar da mai ciwo. Katifa tana gyara sa'o'in dare, barci mai kyau kuma yana rage jin zafin ciwo, amma ba ta biyan bashin wuni guda a kan kujera.

Akwai ma ciwon da bai kamata a tsaya gwajin katifa a kansa ba ko na dare ɗaya. Sagewa a tsakanin cinyoyi ko mazaunai, kasa riƙe fitsari ko bayan gida ko kasa yin fitsarin, ƙafa tana rasa ƙarfi: wannan asibiti ne a ranar, domin jijiyoyin ƙasan baya ne ake dannewa, jinkiri kuma yana barin illa ta dindindin. Ciwon da ya zo da zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko ya biyo bayan faɗuwa, ko ya kama wanda ya taɓa yin ciwon daji ko tarin fuka, ko wanda ba ya lafawa kowace irin kwanciya aka yi, shi ma na likita ne. Haka mutumin da bai kai shekara 45 ba, wanda ciwo yake tayarwa a ƙarshen dare, bayansa ya riƙe fiye da rabin sa'a da safe, motsi ya sassauta masa hutu ya tsananta. Wannan yana iya zama kumburin gaɓoɓin ƙashin baya, cutar da ake yawan shekaru kafin a gano ta, kuma da yawa daga masu ita sun sauya katifa biyu ko uku kafin wani ya ce musu su je a yi gwajin jini da hoton ƙugu.